Ɗakin Amarya Tsakanin Ado da Kamanceceniya: Sharhi a Kan Hukuncin da Ake Yi wa Kayan Ƙawar Indiya a Ikara, Maƙarfi da Kudan

Tsakure

Wannan maƙala sharhi ce a kan fassarori biyu da suka fi yawo game da kayan ƙawar ɗaki da na adon mata masu samfurin Indiya a ƙasar Hausa. Ta farko ita ce ta masana al'adu, waɗanda ke kallon sha'awar Indiya a matsayin zamanancin da ya kauce wa tafarkin Turai. Ta biyu ita ce ta wasu masu wa'azi, waɗanda ke yi wa kayan kuɗin goro da sunan kamanceceniya da masu bautar gumaka. An ɗauki ƙananan hukumomin Ikara, Maƙarfi da Kudan a matsayin fagen dubawa. Maƙalar ta nuna cewa fassarorin biyu sun tsaya a kan inda kayan suka fito, alhali fiƙihun Malikiyya ya fi kula da abin da kayan ke nunawa, da ibadar da suke iya ɓatawa, da kuma wanda ake ɗora wa nauyin sayensu.

1.0 Gabatarwa

Ikara, Maƙarfi da Kudan garuruwa ne na ƙasar Zazzau, a arewacin Jihar Kaduna, kuma arzikinsu na gona ne: rake da mazarƙwaila, masara, tumatur da barkono. Zariya na kusa da su, Kano ma ba ta yi nisa ba, saboda haka abin da ya shigo Kantin Kwari ko Kasuwar Rimi ko kasuwar Sabon Garin Zariya ba ya daɗewa bai bayyana a ɗakin amarya a Hunƙuyi ko Paki ba. Daga cikin abin da ya bayyana a shekarun baya-bayan nan akwai labule mai geza da ƙyalƙyali, zanen gado mai aikin zare ruwan zinare, matasai masu ƙananan madubai, turaren tsinke, jerin warwaro masu launi-launi, sarƙar goshi, ɗan hanci, sarƙar ƙafa mai ƙararrawa, da zanen lalle mai furanni da ya kusa ture ƙunshin gargajiya. Duk waɗannan ana kiransu da suna ɗaya, wato 'yan Indiya, ko da kuwa da yawa daga cikinsu a Sin aka ƙera su, ta Dubai kuma suka biyo.

Ɗalibin ilimi da ya koma gida ba zai rasa wadda za ta tambaye shi ko ya halatta ta sa wannan ko ta rataya wancan ba. Amsar da zai bayar tana da nauyi, domin da ita ake halatta abu ko haramta shi, wani lokaci har a jefi Musulma da kalmar da ta fi laifinta girma. Wannan ne ya sa ya kamata a auna fassarorin da ake dogaro da su.

2.0 Hanyar da Kayan Suka Biyo

Hulɗar ƙasar Hausa da kayan tekun Indiya ta girmi silima da ƙarnoni. Wurin da aka yi ciniki da shi kafin zuwan Turawa, wanda jam'insa ya zama kalmar kuɗi, mafi yawansa daga tsibiran Maldibs yake, kudu maso yammacin Indiya. Sai dai sha'awar da ake magana a kanta yau ta fim ce. An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, kuma daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da finafinan Indiya, waɗanda suka samu karɓuwar da ta zarce ta finafinan Amurka. Daga nan sai talabijin, sai kaset ɗin bidiyo, sai finafinan Hausa da suka fara da Turmin Danya a 1990 suka kuma ari rawa da waƙa da sutura daga can.

Akwai wani sauyi da ba a cika lura da shi ba. Gidan silima wuri ne na maza a birni, kuma abin da ake fita da shi daga cikinsa waƙa ce da labari. Amma tun da tashoshin tauraron ɗan'adam irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da Zee World, wadda ta biyo baya a 2015, suka shigo da wasanni masu dogon zango, kuma fassarar Hausa irin ta Algaita ta shiga katin wayar hannu, sai mai kallo ta zama matar aure a tsakar gidanta. Wasa mai dogon zango kusan dukkansa a cikin gida ake yinsa. Wadda ta bi shi wata da watanni ta haddace labulen gidan, da jeren matasansa, da sarƙar da surukar gidan ke sawa, haka kuma ta saba da ganin kusurwar da aka keɓe wa gunki da fitilar da ake kunna masa. Ta nan ne Indiya ta tashi daga kunne ta koma bangon ɗaki.

3.0 Fassarar Masana Al'adu

Rubutun da aka fi ambata a wannan fage shi ne maƙalar Brian Larkin mai suna Indian Films and Nigerian Lovers, wadda ta fito a mujallar Africa a 1997. A taƙaice, Larkin yana ganin Bahaushe ya rungumi fim ɗin Indiya ne domin ya ga wata duniya da ta yi kama da tasa ta fuskar kunya, girmama iyaye, auren dole da yanayin sutura, ga shi kuma ta zamani ce ba tare da ta zama ta Bature ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya faɗaɗa zancen a littafinsa Transglobal Media Flows and African Popular Culture na 2007, inda ya bi diddigin yadda mawaƙa da masu shirya fim na Hausa suka ari karin sauti da zubin labari, da irin martanin da malamai da hukuma suka mayar.

Waɗannan ayyuka sun yi amfani, domin sun kore tunanin cewa Bahaushe mai kwaikwayo ne da ido rufe. Sun nuna yana zaɓe, yana tacewa. To amma idan aka ɗauko su domin fahimtar ɗakin amarya a Maƙarfi, giɓinsu na fitowa. Fagensu birnin Kano ne, abin nazarinsu kuma labari ne da sauti, waɗanda ake morewa da ɗan kuɗi kaɗan. Labule da gado da sarƙa kuwa sai an saya, kuma wani ne zai biya. Bugu da ƙari, cewa abu ya zama zamanancin da ba na Turai ba bayani ne na dalilin sha'awarsa, ba ya amsa tambayar halal da haram. Wanda ya guje wa kwaikwayon London bai tsira daga hukunci ba don kawai ya koma kwaikwayon Mumbai. Kamannin da Larkin ya gano tsakanin al'ummomin biyu na gaske ne, amma shi ne kuma yake sa a sassauta tsaro, har alamar bautar wani addini ta shige cikin kayan ado ba a tantance ta ba.

4.0 Fassarar Masu Wa'azi

A ɗaya ɓangaren akwai hukuncin da ake ji a wasu majalisun wa'azi da na walimar aure, wanda tsarinsa yake kamar haka: Indiyawa masu bautar gumaka ne, wannan adonsu ne, kuma hadisi ya zo cewa wanda ya kamanta kansa da wasu mutane yana cikinsu, saboda haka haramun ne. Hadisin sananne ne, Abu Dawud ya ruwaito shi daga Ibn Umar, Allah Ya yarda da su, kuma a kansa Ibn Taimiyya ya gina babban sashe na littafinsa Iƙtida'us Siraɗil Mustaƙim. Kishin da ke bayan wannan hukunci abin yabo ne. Rauninsa yana cikin matakan da aka tsallake kafin a kai ga sakamako.

Na farko, ba kowane Ba'indiye ne mai bautar gunki ba. Ƙidayar ƙasar ta 2011 ta nuna Musulminta sun kai kimanin miliyan 172. Yawancin abin da ake kira adon Indiya, kamar doguwar riga da wando da mayafi, aikin zaren zinare, da turaren ruwa, ya bunƙasa ne a fadojin sarakunan Mughal Musulmi da biranen da suka yi tashe a zamaninsu. Ilimin da ɗalibin ƙasar nan yake taƙama da shi ma yana da igiya a can. Sayyid Murtada az-Zabidi, mai Tajul Arus, an haife shi a Bilgram ta Indiya a 1732, kuma daga gare shi Malam Jibril ɗan Umar, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya karɓi ijaza a Alƙahira. Shi kansa hadisin kamanceceniya, sau da yawa ta hannun Aunul Ma'abud ake karanta sharhinsa, littafin da malamin Indiya al-Azimabadi ya wallafa.

Na biyu, sunna ba ta haramta abu don ƙasar da ya fito ba. Mugira ɗan Shu'uba, Allah Ya yarda da shi, ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa jabba mai matsattsun hannaye, wadda ruwayar Buhari da Muslim ta kira ta Sham, ta Tirmizi kuma ta kira ta Rum, a lokacin da mutanen ƙasashen nan ba Musulmi ba ne. A cikin Buhari akwai hadisin Ummu Ƙais 'yar Mihsan da ke kwaɗaitar da magani da itacen Indiya. Aya ta 32 ta Suratul A'araf kuma ta yi inkari ga wanda ya haramta adon da Allah Ya fitar wa bayinSa. Da asalin ƙasa ne ma'auni, da shaddar Ostiriya da leshin Suwizalan da atamfar Holan sun riga warwaro faɗawa cikin haramci, haka ma baburan Bajaj da ke jigilar mutane a hanyoyin Kudan.

Na uku, hukuncin kamanceceniya yana rataye ne da kasancewar abu shi'ari, wato alamar da ta keɓanta da wasu mutane har wanda ya gan ta a jikin mutum zai ɗauka yana cikinsu. Wannan siffa tana zuwa tana kuma gushewa. Ibn Hajar a Fathul Bari, a maganarsa kan mayafin malamai da ake kira ɗailasan, ya bayyana cewa kafa hujja da kamanninsa da suturar Yahudawa yana inganta ne a lokacin da yake alamarsu, da wannan ya gushe sai ya koma cikin halal. Al-Ƙarafi, jigo a mazhabar Malikiyya, ya tabbatar a Al-Furuƙ cewa hukuncin da aka gina a kan al'ada yana sauyawa idan al'adar ta sauya, kuma ya gargaɗi mai fatawa da kada ya daskare a kan abin da ke rubuce ya manta da urfin mai tambaya. Macen da ta sa warwaron gilashi a Ikara babu mai ɗaukarta mabiyar addinin Hindu, balle ma munduwa da lalle da kwalli sun daɗe a hannun matan Hausa da Fulani kafin a san silima. Shehu Usmanu ma, a gabatarwar Ihya'us Sunna, ya ja kunne game da yin inkari a kan abin da malamai suka yi saɓani a cikinsa.

5.0 Inda Haramcin Yake da Gaske

Rushe hukuncin kuɗin goro ba ya nufin an buɗe ƙofa ga komai. Idan aka bi kayan ɗaya bayan ɗaya, za a tarar wasu sun faɗa ƙarƙashin hani saboda dalilan da fiƙihu ya riga ya sani.

Akwai alamomin bauta tsantsa: harafin Om, hoton Ganesha mai kan giwa, hoton Lakshmi, jan garin da matar aure Bahindiya ke shafawa a tsagar kanta, da sarƙar baƙaƙen duwatsu da ango ke ɗaura wa amarya a gaban wutar ɗaurin aurensu. Wasu daga cikin waɗannan suna zuwa a jikin kwalin turaren tsinke, ko a kan abin rataya a ƙofa, ko a tsakiyar abin wuya, mai saye bai san ma'anarsu ba. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya barin wani abu mai siffar sakandami a gidansa sai ya warware shi. Ƙiyasi a nan a fili yake. Wanda bai sani ba yana da uzuri, aikin malami shi ne ya sanar da shi, kuma malamin ba zai iya ba sai shi ma ya san alamomin. Ɗigon goshi yana da ɗan bambanci, domin a wasu yankuna kamar Bangaladash akwai Musulman da ke sa shi a matsayin ado kawai, amma a ƙasar Hausa ba a san shi da kowa ba sai matan Hindu na cikin fim, don haka a urfin nan alama ce, barinsa ne daidai.

Akwai kuma batun surori. Malikiyya sun rarrabe: mutum-mutumin abu mai rai wanda yake da inuwa, gaɓoɓinsa kuma cikakku, haramun ne, banda 'yar tsanar yara mata. Wanda aka zana a shimfiɗe makaruhi ne idan an ɗaukaka shi, idan kuwa ana takawa ko ana zama a kai, barinsa ya fi. Hadisin labulen Nana A'isha mai surori, wanda aka yage ta mayar da shi matasai, shi ne madogara. Bisa wannan, gunkin giwa ko na ɗawisu da ake ɗorawa a kan kabad ba ya halatta ko da a Zariya aka sassaƙa shi, labule mai furanni da ganyaye kuwa babu laifi a cikinsa ko da daga Delhi ya zo.

Sai abin da ya shafi tsarki da bayyana ado. Lalle launi ne da ba ya hana ruwa taɓa fata, amma zanen da ake mannawa da ƙumbar roba da duk abin da ke da kauri suna hana alwala da wanka inganta matuƙar ba a cire su ba. Baƙin dayis mai sinadarin PPD yana ƙona fatar wasu, kuma cutar da kai abin hani ne. Sarƙar ƙafa mai ƙararrawa halal ce a cikin ɗaki, amma aya ta 31 ta Suratun Nur ta hana mace buga ƙafa domin a san adon da take ɓoyewa, kuma wannan nau'i an ƙera shi ne domin ya yi amo. Haka ma bikin da ake kira daren Indiya, wanda ya fara daga bukukuwan birni: aibinsa cakuɗuwar maza da mata ne da bayyana tsiraici, da an kira shi daren Larabawa ma hukuncin bai sauya ba.

6.0 Kamanceceniyar da Aka Manta

Babban abin da fassarorin biyu suka tsallake shi ne kuɗi. A al'adar Hausa uban amarya da uwarta ke yin kayan ɗaki da gara. A da jere na ƙore ne da faifai, ya koma tasa da kwalla da langa, ya koma gado da katifa da kabad, yau kuma kowane sabon wasan kwaikwayo yana ƙara wani abu a cikin lissafi. Manomin da ke jiran kuɗin rake ko na tumatur, amfanin da farashinsa ke faɗuwa daidai lokacin da ya yi yawa, shi ake sa ran ya ƙawata ɗaki irin na attajirin cikin fim. Sakamakon ba ɓoyayye ba ne: cin bashi, sayar da dabba ko jinginar da gona, jinkirta auren 'ya mace, da gorin da dangin miji ke yi wa wadda aka kai da kaya kaɗan. Lokacin da Hukumar Hisba ta Kano ta fara aurar da zawarawa a 2012, kayan ɗaki na cikin abin da gwamnati ta ɗauki nauyi, shaida ce cewa su ne suka tare hanya.

Fiƙihu bai ɗora wannan kaya a wuyan uba ba. Abin da ke cikin Mukhtasar na Halil shi ne mace ta yi kayan ɗaki gwargwadon al'ada da sadakin da ta karɓa kafin tarewa. Ibn Asim a Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalan ƙasar nan suka sani sarai, ya bayyana cewa yalwar uba ba ta wajabta masa yi wa 'yarsa kaya daga dukiyarsa. Idan mawadaci bai wajaba ba, ina ga talaka. Kayan da aka kai Nana Faɗima, Allah Ya yarda da ita, da su, kamar yadda ya zo a ruwayar Nasa'i da Ahmad, bargo ne da salka da matashin da aka cusa wa ciyawa.

A nan ne Indiya ta cancanci a dube ta da idon wa'aztuwa. A can dangin amarya ke biyan dangin ango dukiya, al'adar da ta yi muni har majalisar ƙasar ta kafa dokar hana ta a 1961, amma duk da haka alƙaluman hukumarsu na shekarun baya-bayan nan suna nuna mutuwar mata sama da 6,000 a shekara saboda rikicin wannan dukiya. Kayan ɗakin Bahaushiya mallakarta ne, wannan bambanci ne babba da ya kamata a riƙe. Amma duk lokacin da dangin miji suka shiga ɗaki suna ƙirga kaya, suna auna darajar amarya da abin da ubanta ya kawo, to an taka matakin farko na waccan hanya. Mai wa'azin da ya ƙare ƙarfinsa a kan warwaro ya yi shiru a kan wannan, ya bar jaki yana dukan taiki.

7.0 Kammalawa

Sharhin ya nuna cewa sunan Indiya ba illar hukunci ba ne, ba ta fuskar halattawa ba, ba ta fuskar haramtawa ba. Masana al'adu sun bayyana dalilin sha'awa suka tsaya, masu kuɗin goro sun yanke hukunci ba tare da tantance abin da suke hukuntawa ba. Abin da ya dace da ɗalibin fiƙihu a Ikara ko Maƙarfi ko Kudan shi ne ya karɓi kayan a hannunsa ya duba: ko yana ɗauke da alamar bauta, ko sura ce mai inuwa, ko yana hana ruwan alwala, ko an yi shi ne domin idon ajnabi. Idan ya kuɓuta daga waɗannan, ado ne da Allah Ya halatta wa mace a ɗakinta. Bayan haka sai ya tambayi yadda aka samo kuɗinsa. Limaman Juma'a da malaman Islamiyyun matan aure su ne suka fi kowa damar koyar da alamomin da ya kamata a gane, da kuma karantar da iyaye da surukai cewa shari'a ba ta wajabta wa uba abin da al'ada ke neman karya shi da shi ba. Allah ne Mafi sani.